An rufe wa Baba ciki da ƙarfe, yanzu wurin yana mugunya: laifin ƙarfen ne?

"Assalamu alaikum Lokotoro, barka da aiki. Ni ce mai jinyar mahaifinmu, muna nan Garin Malam. Shekararsa 63, ya yi wajen wata biyu yana fama da shawara, ido ya yi ɗorawa, jiki sai ƙaiƙayi, daga baya da aka yi sikana aka ce ƙari ne a kan fankiriyas ɗinsa. An fara sa masa wani ɗan bututu ta baki don ruwan ya sauka, bayan sati uku aka yi masa babban aiki a wani asibiti can nesa. Da aka gama ba zare aka sa masa ba, wasu ƙarafa ne aka ɗaɗɗana masa irin na haɗa takarda. Mun dawo gida kwana 13 bayan aikin, yanzu wurin ya buɗe ta gefe ɗaya yana fidda mugunya, an cire ƙarafa huɗu ana cusa kompires kullum. Kawunmu ya ce ganganci ne, wai da zare aka sa da ba haka ba, an yi sauri ne kawai don a sallame mu. Don Allah gaskiya ne ƙarfen ne ya jawo? Kuma a sake ɗinkewa da zare ne ko a bari haka?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma tambaya biyu ce kika haɗa wuri guda: shin abin da aka rufe fata da shi, ƙarfe ko zare, shi ke sa wurin aiki ya yi mugunya, sannan yanzu da ya riga ya buɗe me za a yi. Bari in faɗa miki ra'ayina tun yanzu kar ki yi ta jira, ni dai ban ga laifin ƙarfen nan ba. Kawu ya bar jaki yana dukan taiki ne, amma kuma ba zan zarge shi ba, don ƙarfen shi ne abin da ido ke iya gani, abin da aka yi awa biyar ko shida ana yi a can cikin ciki babu wanda ya gani a cikinku. Cikin labarinki akwai wata magana da kika faɗa a wuce, maganar ɗan bututun da aka fara sa masa, ita ce ta fi ɗaukar hankalina fiye da ƙarfen, zan dawo kanta.

Wane irin aiki ne ma aka yi masa

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a can ƙuryar ciki bayan tumbi, kanta yana zaune cikin lanƙwasar farkon hanji, wutsiyarta kuma ta miƙe hagu har wajen saifa. Da yawa suna rikita ta da saifa, ba ɗaya ba ne. Aiki biyu take yi, tana yin insulin mai daidaita sukari a jini, kuma tana zubo ruwan narkar da abinci cikin hanji, fiye da lita guda kowace rana. Ki riƙe maganar ruwan nan, aikinsa narkar da nama da kitse ne, kuma bai san bambancin naman ragon da mutum ya ci da naman jikin mai shi ba.

Hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji ta cikin kan fankiriyas take ratsawa, shi ya sa in ƙari ya fito a nan sai ya shaƙe hanyar, ruwan ya koma jini, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi kamar shayi, kashi ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayin da kika ce. A nan ne muke asarar mutane da yawa wallahi, don an ce shawara ce sai a dinga jiƙe-jiƙe wata da watanni, kafin a zo likita abin ya riga ya yaɗu. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, cikin mutum biyar masu kansar fankiriyas kusan ɗaya ne kawai ake samu a lokacin da za a iya yi masa aiki. Baba yana cikin wannan ɗayan, ku gode wa Allah.

In ƙarin a kan yake kamar yadda kika ce, to aikin da ake kira Whipple ne aka yi masa, sunan wani likitan Amurka ne Allen Whipple da ya bayyana shi a 1935, mu da muka yi karatu da Faransanci DPC muke ce masa. Ana cire kan fankiriyas, da farkon hanji, da maɗaciya, da ƙarshen hanyar ruwanta, wani lokaci har da ɗan ɓangaren tumbi, sannan a ɗauko hanji a yi haɗi uku: a haɗa shi da sauran fankiriyas, a haɗa shi da hanyar hanta, a haɗa shi da tumbi. Cikin ayyukan ciki kaf kaɗan ne suka kai shi nauyi. In an gama wannan sai a zo rufewa, kuma rufewar hawa-hawa ce. Akwai wani farin tantani mai tauri a ƙarƙashin kitse, in kin taɓa tsayawa wajen mahauta a kasuwar Dole kina kallon yadda suke fiɗa za ki gane shi, wuƙa ma sai an danna take ratsa shi. To shi ne ginin gaske, shi ke riƙe hanji a ciki, ana ɗinke shi da zare mai ƙarfi wanda sai ya yi wajen wata shida kafin ya narke. Kin ga kenan Baba ma da zare aka ɗinke shi, ba ku gan shi ba ne. Fata ita ce ta ƙarshe, yaɓen waje ce kawai, aikin mintoci kaɗan.

Ƙarfe da zare, me aka gano da aka gwada su

Hanyoyin rufe fata da ake amfani da su ba su da yawa. Akwai ƙarfen da muke ce wa agaraf, akwai zaren nailan da ake ɗaurawa ɗaya-ɗaya a cire daga baya, shi ne wanda mutanenmu suka fi sani, akwai zare mai narkewa da ake bi da shi ta ƙarƙashin fata ba a ganin komai a waje, sai kuma gam na musamman wanda ya fi dacewa da ƙananan yanka. In ciki ya yi ƙazanta sosai, misali hanji ya huje saboda taifot, wani lokaci ma da gangan muke barin fatar a buɗe mu rufe bayan kwana uku zuwa biyar.

Wannan gardamar ta Kawu likitoci ma sun yi ta, har suka gwada. A Japan an raba mutum sama da 1,000 da aka yi wa aikin tumbi da hanji gida biyu, rabi agaraf rabi zaren ƙarƙashin fata, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2013. Masu zare kashi 8.4 cikin 100 suka sami matsalar rauni, masu agaraf kashi 11.5. Za ki ce ai ga shi nan zare ya yi nasara, amma da aka yi lissafi an ga tazarar ba ta kai a rantse cewa ba dace ba ne kawai. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a aikin ciki mafi yawansu haka suka nuna, ko dai babu bambanci wajen mugunya ko kuma ɗan kaɗan ne da ke karkata wajen zare. Inda zare ya fi fili shi ne kyan tabo da jin daɗin mara lafiya, da kuma aikin haihuwa, a nan kam an ga fata ta fi saurin buɗewa da agaraf. Ita kuwa maganar sauri gaskiya ne agaraf ya fi sauri, amma mintoci ne, kuma ga dattijon da ya yi awa shida a ƙarƙashin maganin barci, rage masa mintoci ba ganganci ba ne.

Ni a hannuna ga yadda nake yi. In aiki mai tsabta ne, kamar cire maƙoƙo ko ƙaba, musamman ga matashi ko mace, zaren ƙarƙashin fata nake so, don fatarmu tana da saurin yin tabo mai tudu, kuma agaraf in ya wuce sati biyu yana barin shaida kamar tsani a ciki. Amma in na buɗe hanji ko hanyar maɗaciya kuma raina yana ba ni wurin nan zai iya ruwa, na fi son abin da ke ɗaya-ɗaya, agaraf in akwai, in babu nailan, kuma a nan wajenmu nailan ɗin ne ya fi yawa don ya fi araha. Dalili shi ne daidai abin da ya faru da Baba: mugunya ta taru a gefe ɗaya, aka cire ƙarfe huɗu ta fita, sauran wurin yana nan a rufe. Da zare guda ne dogo aka bi da shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kina yanke shi a tsakiya zai iya warwarewa kamar bakin buhu. Don haka abin da kuke gani kamar lalacewar ƙarfe, amfaninsa ne kuke gani. Kuma ba ya tsatsa, wannan ma ana yawan tambayata, ƙarfe ne da aka yi don jiki.

Matsala ɗaya da na sani ta agaraf a ƙasarmu ita ce cirewa. Yana da ɗan abin cirewa nasa, kamar ƙaramin almakashi, ana zura bakinsa ƙarƙashin ƙarfen a matse, tsakiyar ta lotsa, ƙafafun biyu su miƙe su fito salin-alin, ko jini babu. Na taɓa karɓar wani bawan Allah da aka yi wa aiki a ƙasar waje, ya dawo ƙauye, aka je wata ƙaramar likita babu wannan abin, sai aka sa hantsaki ana fizga. Kowane ƙarfe ya fito da ɗan nama, da na ƙirga wuri goma sha ɗaya ne suka yage. Aikin da aka yi masa lafiya lau, cirewar ce ta ɓata. In lokacin cire sauran na Baba ya yi ki tambaya da bakinki ko suna da abin, in babu a nemo, ba shi da tsada.

To daga ina mugunyar take zuwa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gaskiya ne, amma a wannan aikin ƙadangaren yawanci a cikin ɗaki yake tun farko. Ruwan maɗaciyar mai lafiya kusan babu ƙwayar cuta a cikinsa. Da zarar an sa bututun nan ta baki aka buɗe hanyar zuwa hanji, ƙwayoyin cutar hanji sai su hau sama su zauna a ciki, cikin kwanaki kaɗan. Ranar aiki likita zai yanke wannan hanyar, ruwan ya zubo, ya taɓa safar hannu, ya taɓa kayan aiki, ya taɓa kitsen da ke bakin yanka. Kitse kuwa jini bai cika zagaya shi ba, abinci ne kawai ga ƙwayar cuta. Sai a rufe fata a kai, ko da ƙarfe ko da zaren siliki na sarauta, bayan kwana biyar zuwa goma wurin ya kumbura. Sau da yawa in aka ɗauki mugunyar aka kai labo, irin ƙwayar da aka samu a ruwan maɗaciya ranar aiki ita ake sake samu a raunin.

A Holan an gwada wannan a kan mutum wajen 200 masu ƙari a kan fankiriyas, aka buga a 2010: waɗanda aka fara sa wa bututu kashi 74 cikin 100 sun sami babbar matsala, waɗanda aka wuce da su aiki kai tsaye kashi 39. Amma kar ki ɗauki wannan ki kai wa Kawu a ce to an gano sabon mai laifi. Akwai inda bututun dole ne, in shawarar ta yi tsanani sosai, ko zazzaɓi ya shiga hanyar hanta, ko za a fara ba da maganin kansa, ko aikin ba zai yiwu da wuri ba. Mu kuma nan kin san halinmu, kafin a haɗa kuɗi, a sayar da dabba ko gona, a jira na ɗan'uwa daga Libiya ko Legas, a yi tafiyar, sati uku ya wuce kamar wasa, kuma ba za a bar mutum da hanta a toshe duk wannan lokacin ba. Bututun ya cece shi ta wani gefen ya ƙara masa haɗarin mugunya ta wani gefen, haka abin yake.

Saboda wannan ne ma maganin antibiyotik da ake bayarwa dab da a fara yanka yake da tasiri fiye da ɗinkin fata nesa ba kusa ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 778 da aka yi wa Whipple, aka buga a 2023, ya nuna da aka canza maganin zuwa wanda ya fi kama ƙwayoyin hanyar maɗaciya, mugunya ta sauko daga kusan kashi 33 zuwa kusan kashi 20. Ki duba lambobin nan da kyau ƙanwata. A asibitocin da babu abin da suka rasa, da mafi kyawun magani, mutum ɗaya cikin biyar yana samun abin da Baba ya samu ko wanda ya fi shi. Ki kwatanta wannan tazarar da ta agaraf da zare, za ki ga inda gizo ke saƙa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa kuma shi ne wani gwaji da aka yi a ƙasashe bakwai irin namu, ciki har da Najeriya da Benin da Gana da Ruwanda, mutum sama da 13,000, aka buga a 2022. Abin da aka yi kawai shi ne kafin a fara rufe ciki kowa ya canza safar hannu a ɗauko sabbin kayan ɗinki masu tsabta. Mugunya ta ragu daga kashi 18.9 zuwa 16. Ba wata na'ura, ba wani tsada. Tun da na karanta wannan na mayar da shi doka a ɗakin aikina, har majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya san in na ce "mu canza" ba a gardama ko da ana ƙorafin safar ta yi ƙaranci. Alhali zaren nan mai tsada da ake shafa wa maganin kashe ƙwayar cuta, da aka gwada shi a waɗannan ƙasashen a 2021 kan mutum kusan 5,800, ba a ga ya rage komai ba. Akwai kuma wata roba mai zobe biyu da ake sakawa ta rufe bakin yanka kar ruwan ciki ya taɓa kitse, an ga amfaninta a masu bututu irin Baba, da wata ƴar na'ura mai tsotsa da ake liƙawa a kan ɗinki, wadda a wani asibitin Amurka ta nuna amfani sosai, a wasu wuraren kuma ba a ga bambanci ba, ga tsada, ni ba zan sa talaka ya sayar da akuya saboda ita ba.

Sauran kuma jikin mara lafiyar ne. Mutumin da ya yi wata biyu da shawara, ba ya cin abinci, ya rame, jininsa ya yi ƙasa, naman da zai haɗe raunin ma babu kayan gina shi. In ga ciwon sukari, wanda yake yawan tafiya tare da ciwon fankiriyas, ko taba, ko ƙiba, ko aikin ya yi tsawo an ƙara jini, kowanne yana ƙara nasa.

Abin da nake so a tabbatar kafin hankali ya kwanta

Mugunyar bayan aiki hawa uku ce, ta fata da kitse, ta tantanin nan mai tauri, da ta can cikin ciki. Ta farko wahala ce da ɓata lokaci amma ba ta cika kisa ba. Wadda nake tsoro ita ce wadda ake gani a fata alhali tushenta yana ciki, wato haɗin fankiriyas da hanji ya yi yoyo, ruwan nan mai narkar da nama yana tsiyaya yana neman hanyar fita. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa ake barin tiyo a ciki bayan aiki ana auna wani sinadari da ake kira amilaz a ruwan da ke fita, in daga kwana na uku ya ninka na jini fiye da sau uku an san akwai yoyo. Mai fansuma zai iya wanke waje shekara guda, in yoyon yana nan ba zai bushe ba.

Don haka ki zama idon likita a gida. In mugunya ce mai kauri tana raguwa kullum, cikin ramin yana yin ja kamar naman kankana, Baba yana cin abinci, babu masassara, to alhamdu lillahi hanya ce mai kyau. Amma in ruwan ya zama tsararo mai yawa kamar ruwan wanke-wanke yana jiƙa zane, fatar gefen ta yi ja tana saɓulewa kamar ƙuna, ko ya zama kore-kore, ko masassara da rawar ɗari, ko amai ba ya tsayawa, ko ciki ya kumbura, ko idon ya sake yin ɗorawa, a kai shi babbar likita a ranar, a yi analiz ɗin jini da eko ko sikana. Abu biyu kuma ko tsakar dare ne ba a jiran safiya. Na farko jini, ko kaɗan ne, daga raunin ko ramin tiyo ko a amai ko baƙin kashi kamar kwalta, don ruwan fankiriyas yana iya cin jijiyar jini, kuma sau da yawa ɗan jini kaɗan ne ke fara zuwa kamar sallama kafin babban. Na biyu in ruwa ja-ja kamar na wankin nama ya ɓalle da yawa lokaci guda, musamman bayan tari, wannan alamar tantanin ciki ne ya saki. In har kika ga hanji ya leƙo kar a tura shi ciki, a rufe da tsabtataccen ƙyalle da aka jiƙa da serom, wato ruwan gishirin nan na asibiti, ya kwanta ya naɗe gwiwa, kar a ba shi ko ruwa, a nemi mota.

A sake ɗinkewa? A'a, ba yanzu ba. Rufe rauni mai mugunya kamar rufe tukunya ce tana tafasa, zai sake taruwa ya fi na da. Abin da ake yi masa daidai ne, a wanke da serom, a sa kompires a ciki ba a danƙara ba, a bar shi ya ciko daga ƙasa, yakan ɗauki sati uku zuwa shida, wani lokaci fiye. In ya yi ja tas kuma yana da faɗi likita zai iya kama bakin da zare biyu ko uku don ya gajarta lokaci. Antibiyotik ma ba kullum ake buƙata ba in an buɗe wurin ya tsiyaye kuma jan bai bazu ba, in za a bayar gara a fara ɗaukar mugunyar a kai labo.

Don girman Allah kar a sa masa komai da hannun gida. Wata rana na buɗe fansuman wani dattijo na tarar da ramin cike da wani gari rawaya da ya daskare kamar siminti, ashe ƴaƴansa ne ke sayen kafso wajen masu tallan magani a tire suna ɓarewa suna zazzagawa, wata maƙwabciya kuma ta kawo garin bagaruwa aka ƙara. Sama ya bushe ƙamas kowa yana murna, da na ɗaga ɓawon mugunya ta cika ƙaramin kwano. Niyyarsu mai kyau ce, amma sun ƙara masa wata guda. Haka ma betadin, a gefen fata ake shafawa, ba a tuttula shi cikin ramin kullum ba don yana hana sabon nama fitowa.

Ga zafin garin nan da ƙura da wahalar ruwa, in fansuma ya jiƙe da gumi ko ruwan ciwo a canza, kar a jira gobe, kuma duk mai taɓa wurin ya wanke hannu da sabulu ko da ruwan garuwa ne aka saya da tsada. Masu dubiya su yi addu'a daga nesa, ba sai an ɗaga riga kowa ya leƙa ba. Ya yi sallah a zaune, kar ya ɗauki ko bokitin ruwa har wata biyu, in zai yi tari ya rungume matashi a ciki, kuma zuwa fansuma a samu adaidaita ko mota, ba kabu-kabu ba. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ƙwai, kifi, nama mai laushi, wake, nono, zogale. Masu cewa ƙwai da wake da gyaɗa suna kawo mugunya ki ba su haƙuri, da su ne jiki ke ɗinke kansa. Fura da kunu a rage musu sukari, kuma a dinga auna sukarinsa ko da bai taɓa ciwon ba, don an cire rabin gidan insulin. In kashinsa yana maiƙo yana yawo a saman ruwa ga wari ga rama, ki gaya wa likita, akwai kafson da ke maye gurbin ruwan fankiriyas, ana sha tare da abinci.

Ni likitan tiyatar ciki ne na gaba ɗaya, Whipple na tsaya an yi shi da ni lokacin da nake neman ƙwarewa, ba aikin da nake yi kowane sati ba ne, abin da ya fi zuwa hannuna shi ne irin Baba, waɗanda aka yi wa a wani wuri suka dawo gida da rauni. Kuma ban ga cikinsa da idona ba, ban sa yatsa na taɓa ƙasan ramin na ji tantanin yana nan daram ba, wannan sai wanda ke gabansa. Ki nemo takardar bayanin aikin da aka ba ku ranar sallama, a ciki za a ga ko an sami yoyo, da ranar da aka cire tiyo, da ko an kai ruwan maɗaciyarsa labo da irin ƙwayar da aka samu. In ba a ba ku ba ki kira su su ɗauki hotonta su turo ta WhatsApp, da sakamakon naman da aka cire, don shi ne zai nuna ko Baba zai buƙaci maganin kansa, kuma ba a son raunin nan ya jinkirta shi fiye da wata uku. Ki riƙe takardun a leda guda ki tafi da su fansuman gobe, ki ce likitan tiyata kike so ya duba wurin da kansa.